Inuwa Ba Ta Jin Tafi

Hausawa na cewa in da ranka ka sha kallo. To, ga shi an zo zamanin da ko ba ranka ma sai a sha kallonka. Ina nufin dabarar nan ta hologiram, wato hoton haske, wadda da ita ake tsai da surar mawaƙin da ya daɗe da rasuwa bisa dandamali, a sayar da tikiti, jama'a su cika wuri.

Asalin dabarar daɗaɗɗe ne. Tun cikin 1862 wani Bature, John Pepper, ya nuna ta a Landan: akan kafa gilashi a karkace, a hasko sura daga ɓoye, sai mai kallo ya ga kamar mutum ne tsaye. Abin da zamani ya ƙara shi ne kwamfuta mai zana fuska da motsi. Ta haka aka fito da Tupac Shakur a bikin Coachella na Amurka a 2012, shekara 16 bayan kashe shi. Har ya gai da taro ya ambaci sunan bikin, alhali kuwa sai 1999 aka fara yin sa. Ke nan wani ne ya sa masa magana a baki, shi kuwa ba halin ya ce a'a.

Amma wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Ummu Kulsum ta Masar, domin na daɗe ina sauraron waƙoƙinta. Ta rasu a 1975, sai ga surarta a Al'ula ta ƙasar Saudiyya a 2019, sannan a Alƙahira a 2020, makaɗa masu rai suna yi mata kiɗa.

Duk wanda ya san ta ya san inda gizo ke saƙa. A zamaninta takan yi wasa ran Alhamis ta farkon wata, rediyo na watsawa. Takan kama baiti guda ta yi ta maimaitawa, kowane karo da sabon salo, gwargwadon yadda masu sauraro suka yi sowa suka roƙi ƙari, har waƙa ɗaya ta kai awa guda. Wato da ita da su ake gina waƙar. Ita kuwa surar haske, ko an tafa ko an yi shiru, ko wurin ya watse, abin da aka ɗura mata shi za ta yi.

Ba na ganin laifin wanda bai riske ta ba ya je ya kashe ƙwarƙwatar idonsa. Sai dai ni na fi son tsohon faifanta, inda nake jin sowar mutanen da ta ji, ta kuma amsa musu. Kuɗin tikitin kuwa, gara a kai wa mawaƙi mai rai, wanda in ka tafa masa zai ji.