Majanyi Ya Yi Wuyar Gani a Sabon Tasha

Duk wanda zai tafi Kaciya ko Zonkwa ko Kafancan daga birnin Kaduna, da wuya bai bi ta Sabon Tasha ba. Unguwa ce a kudancin gari, cikin Ƙaramar Hukumar Cikun, inda Gbagyi da Bajju da Atyap da Ham da Hausawa suke cuɗanya tun asuba, ga masu doya, ga masu citta, ga 'yan kamasho suna ta kiran fasinja.

To, in mai karatu ya je can, ya lura da matan da ke ɗauke da goyo. A da, in mace ta ɗaura zanen goyo sai ta ƙara da majanyi, watau ɗan ƙyallen nan mai kauri, saƙar hannu, wanda ake zagayo da shi ta ƙarƙashin yaro a ƙulle a gaba. Shi ke riƙe da nauyin yaro, uwa ta yi daka, ta yi ciniki, ta hau mota hankalinta kwance. Yanzu kuwa akasari tawul za ka gani, ko tsohon gyale. Ba laifin matan ba ne: tawul ya fi araha, masaƙa kuma sun yi ƙaranci.

Mutanen Japan suna da tasu ɗamarar, ana ce da ita obi, wadda ake ɗaurawa a kan rigarsu ta gargajiya, kimono. Ta mata ta biki takan kai mita 4 a tsawo, faɗinta wajen santimita 30, a baya kuma ake ƙulle ta. Tasu ta ado ce, tamu ta aiki. Su ma yawancinsu sun koma tufafin Turawa, amma har gobe ana saƙa obi a unguwar Nishijin ta birnin Kyoto, mai kyau ma takan fi rigar kanta tsada.

Abin mamaki, Japanawan nan sun taɓa zama maƙwabtan Sabon Tasha. Da jarinsu aka kafa masaƙar Arewa Textiles a Kakuri cikin shekarun 1960, kusa da Kaduna Textiles wadda ta fara aiki a 1957. Wannan ta rufe a 2002, ba a daɗe ba waccan ta bi ta. Yadin inji ne ya fara karya kasuwar saƙar hannu, sa'an nan kayan waje suka zo suka karya na injin. Mai neman majanyi na ainihi yau, sai dai ya tambayi tsofaffin mata, ko akwai wanda ya rage a ƙasan adaka.