Kafin Ka Riƙe Alli a Gusau

Ɗana, na ji an ɗauke ka koyarwa a Jami'ar Tarayya ta Gusau. Allah ya sanya albarka. A zamaninmu ɗan Mada mai neman digiri sai ya ɗaure kayansa ya nufi Sakkwato ko Zariya. Ita wannan jami'a sai a 2013 aka kafa ta. Tunda ta zo bakin ƙofa, za ka tarar da ajinka ya tara ɗan manomi daga ƙauyukan Tsafe, da matar aure mai goyo, da ɗan Ibo haifaffen Sabon Gari.

Bari in ba ka labarin abin da har yau yake ci mini rai. Ina koyarwa a wata kwaleji, akwai wani yaro Bafulatani mai zama can baya, ba ya cewa uffan. Ran nan hira ta biyo ta kan ɓarayin shanu, sai wani ya ce, "Malam, a tambayi ɗan'uwansu mana." Aji ya kwashe da dariya. Ni ban yi dariya ba, murmushi kawai na yi, na ci gaba da darasi. Yaron bai ƙarasa zangon ba. Sai daga baya na ji ashe a daminar nan aka kore garken mahaifinsa kaf. Yara ne suka yi ba'ar, amma fuskata ya kalla.

Yanzu lamarin ya fi na wancan lokaci zafi. Idan aka ambaci 'yan bindiga a aji, ka lura da inda idanu suke juyawa, ka tsawatar nan take, kada ka bari sai an tashi.

'Yan mata kuwa, ka tuna Satumbar 2023 da aka kwashe ɗalibai daga masaukinsu a Sabon Gida. Uban da ya bar 'yarsa ta koma bayan wannan ya yi ta maza. Kada ka sa musu gwaji dab da magariba.

Wanda Turanci ya sarƙe masa harshe, bar shi ya faɗa da Hausa tukuna, sannan ka juya wa waɗanda ba sa ji. In da makaho a ajin, duk abin da ka rubuta a allo ka karanta shi da murya.

Ka gaida mahaifiyarka. In ka shigo Mada, ka biyo mu sha fura.