Daga Titin Liyon Zuwa Hanyar Jugu: Abin Da Muka Gano Game Da Gudun Mota

  

Mu mutanen Paraku da Jugu 'ya'yan hanya ne tun asali. Kakanninmu fatake ne da suka riƙa ratsa ƙasar Borgu da ayarin jakuna, suna ɗauko kanwa da tufafi da fatu daga Kano, su yada zango a garuruwan nan, su wuce Salaga a ƙasar Gwanja, su komo da goro. Tafiya ce ta watanni, kuma madugu ne ke tsara ta: shi ke faɗin lokacin tashi da wurin sauka, kuma ayari ba ya wuce ƙarfin jakin da ya fi kowane rauni. Bayan su jirgin ƙasa ya iso Paraku a 1936, sannan kwalta ta zo, har yau ga shi mutum yana yin sallar Asuba a Ladjifarani ya yi La'asar a Kwatano, tafiyar kilomita 400 da 'yan kai. Wannan ni'ima ce daga Allah, sai dai kowace ni'ima da hakkinta, kuma hakkin wannan shi ne muke so mu tattauna bisa abin da muka gani da idonmu a wata ƙasa.

A watan Agusta na 2024 Allah Ya nufe mu da ziyarar zumunci a Faransa, mu uku daga unguwa ɗaya. Mai masaukinmu a Paris ya ɗora wa ɗansa, saurayi da aka haifa a can, nauyin kai mu Liyon domin mu gaida wasu dangi. Muka hau babban titin da ake kira A6, mai tsawon kusan kilomita 450. Wanda bai taɓa ganin irinsa ba zai yi zaton shimfiɗa ce: masu zuwa da masu dawowa katanga ta raba su, an kewaye gefe da waya, babu babur ɗin haya, babu mai tallan doya, babu garken shanu, babu mahaɗar da wani zai ɓullo maka ba zato. Kuɗi ake biya domin a more shi, kamar yadda muke biya a Sirarou ko Diho, sai dai nasu ya ninka namu sau da yawa.

Da muka fita daga cunkoson birni, yaron ya danna wata na'ura da ke riƙe mota a kan gudu ɗaya, ya tsayar da ita a 130, ya ɗage ƙafarsa. Babbanmu, wanda ya shekara talatin yana zirga-zirga tsakanin Paraku da Malanbil, ya dubi titi ya ga fili fetal, sai ya ce: "Yaro, wannan mota ai ta fi haka. Taka mana mu isa kafin Azahar." Yaron ya yi murmushi cikin ladabi ya ce: "Kawu, a yi mini afuwa. Nan ido ba ya barci, kuma ba ya karɓar gaisuwa."

Daga nan ya shiga yi mana bayani. A kan irin wannan titi iyakar gudu kilomita 130 ne cikin awa, idan ana ruwa ya koma 110, idan hazo ya rufe har ba a hangen mita 50 sai a sauko zuwa 50. Sabon direba ba ya wuce 110 ko da rana ta take. Motar safa tana tsayawa a 100, manyan motocin kaya a 90. A cikin gari kuwa 50 ne tun shekarar 1990. Cikakken lasisin tuƙi yana ɗauke da maki 12 tun 1992, a kan laifuka da yawa ana zare wani abu daga ciki, ranar da suka ƙare an raba mutum da tuƙi ke nan. Idon da yake magana a kai shi ne rada, na'urar da ke auna gudun mota ta ɗauki hoton lambarta. An kafa ta farko mai aiki da kanta a watan Oktoba na 2003 a kudancin Paris, yau kuwa sun kai dubbai. Akwai wadda ke tsaye a gefen hanya, akwai wadda ke yawo cikin mota marar alama, akwai kuma wadda ke rubuta lokacin shigarka da lokacin fitarka a tsakanin wurare biyu ta fitar da matsakaicin gudunka, ta yadda taka birki a gaban na'ura ba zai cece ka ba.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne yawancin motoci tafiya ɗaya suke yi, kamar ayari. Kowa yana riƙe da layin dama, wanda zai wuce ya fita hagu ya wuce ya dawo. A gefen titi akwai dogayen fararen layuka, an koya wa direbobi su bar tazarar biyu daga cikinsu tsakaninsu da na gaba. Alluna kuma suna tunatar da matafiyi ya huta bayan kowace awa biyu. A ɗaya daga wuraren hutun muka yi alwala, muka shimfiɗa darduma a kan ciyawa, muka haɗa Azahar da La'asar ƙasaru, ba wanda ya dube mu sau biyu.

Da muka kusa garin Beaune, yaron ya nuna mana inda aka yi hatsarin da Faransawa ba su manta ba. A daren 31 ga Yuli na 1982, ana ruwa, titi ya cika da masu tafiya hutu, motocin safa biyu ɗauke da yara suka yi karo da ƙananan motoci, wuta ta tashi, mutum 53 suka rasu, mafi yawansu ƙananan yara. Bayan wannan ne aka rage gudu a lokacin ruwa, aka ƙara takura manyan motoci, aka hana jigilar yara cikin ayari a ranakun da hanya ta fi cika. Muka yi shiru, domin zuciyar kowannenmu ta tafi Dasa. Ranar Lahadi 29 ga Janairu na 2023, motar safa da ta tashi daga Paraku za ta Kwatano ta yi karo da babbar motar kaya a can, wuta ta kama, fiye da mutum 20 suka riga mu gidan gaskiya. Da wuya a sami unguwa a garin nan da ba a zauna makoki ko aka je gaisuwa ba. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyalansu haƙuri.

Ashe dokokin da muke gani kamar takura, jini ne ya rubuta su. A 1972 mutum kusan 18,000 suka mutu a kan hanyoyin Faransa. A 2002 adadin ya haura 7,000. A 2013, shekara goma bayan kafa radar farko, ya sauko zuwa 3,268, alhali motoci sun ƙaru ƙwarai a kan na 1972. Ba rada kaɗai ta yi wannan aiki ba: ɗamarar kujera, gwajin barasa, gyaran hanyoyi da ingancin motoci duk sun taimaka. Amma masana sun haɗu a kan cewa rage gudu yana cikin manyan dalilai.

Ba mu tsira daga idon nan ba, dole mu faɗi gaskiya. Da muka doshi Liyon allo ya rage gudu zuwa 110, mu kuwa mun cika yaron da hira da tsokana a kan ya yi sanyi, har ya shagala. Kwanaki kaɗan bayan haka takarda ta iso gidan mahaifinsa: an auna motar a 124, an cire kashi 5 cikin ɗari na rangwamen na'ura, an riƙe 117. Tara yuro 68, wato sefa 44,600, wadda ke komawa yuro 45 idan an biya da wuri, da maki ɗaya daga lasisin yaro. Ba ɗan sandan da za a roƙa, ba wanda za a ce masa mu baƙi ne. Muka haɗa kuɗin muka biya, domin laifin namu ne, amma makin ba mu da ikon mayar masa. Kunyar wannan ta fi kuɗin yi mana nauyi.

Kowace ƙasa da ma'auninta, kuma ya kamata mai niyyar tuƙi a waje ya tambaya tun kafin ya kama sitiyari. A Ingila iyakar mil 70 ne, wato kusan kilomita 112, kuma ta hagu ake tuƙi. A Jamus akwai sassan babban titi da ba su da iyaka, sai shawarar 130 da hukuma ta bayar, amma wanda ya zarce ta ya yi hatsari yana iya ɗaukar wani kaso na alhaki ko da ba shi ya jawo ba. A Maroko 120 ne. A Saudiyya tun 2010 aka kafa tsarin kyamarori mai suna Sahir, kuma a 2018 aka ɗaga iyakar ƙananan motoci zuwa 140 a wasu manyan hanyoyi, ciki har da ta Makka zuwa Madina, aka bar safa a 100. A maƙwabciyarmu Nijeriya, hukumar kiyaye haɗura da aka kafa a 1988 ta sa 100 a manyan tituna, kuma a 2017 ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu.

To, ina darasin yake gare mu? Da muka dawo gida muka hau hanyar Jugu domin wani ɗaurin aure, sai muka dube ta da sabon ido. Kilomita 135 ne ko kusa da haka, layi ɗaya zuwa, layi ɗaya dawowa, ba katanga a tsakani. Tana ratsa tsakiyar ƙauyuka, ta haye kogin Weme a Beteru, a gefenta akwai 'yan makaranta, da mata masu itace a ka, da Fulani da shanunsu, da manyan motocin auduga a lokacin kaka. Amma direbanmu yana taɓa 120 a inda ya sami sarari. Gudun da Bature bai yarda da shi ba sai a kan titin da aka killace da waya, mu muna yin kusa da shi a bakin kasuwa.

Mu yi lissafi, domin lissafi ba ya son kai. Mai tafiya a 90 zai isa Jugu cikin minti 90. Mai tafiya a 110 zai isa cikin minti 74. Ribarsa minti 16, bai kai lokacin shan shayi ba. Ga kuma farashin: motar da ke gudu a 90 tana cin mita 25 cikin daƙiƙa ɗaya, mai 130 tana cin mita 36, tun kafin ƙafar direba ta kai ga birki. Idan gudu ya ninka sau biyu, nisan da birki ke bukata yana ninkawa sau huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutum miliyan 1.19 suka mutu a haɗuran hanya, kuma nahiyarmu ce ta fi kowace yawan mace-mace idan aka gwada da yawan jama'a, alhali motocinmu ba su da yawa. Ta kuma nuna cewa ƙarin kashi 1 cikin ɗari a matsakaicin gudu yana ƙara haɗarin mutuwa da kusan kashi 4. Hausawa sun riga su faɗa: sauri ya haifi nawa.

A ƙasarmu akwai cibiyar kiyaye haɗuran hanya tun 1987, kuma a watan Maris na 2024 'yan sanda suka tsananta kamen masu karya dokar hanya, musamman marasa hular kwano. Mutane da yawa sun yi gunaguni. Amma Musulmi bai kamata ya jira ɗan sanda ko rada ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Brunei a 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya waɗanda ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, domin suna kare rai da dukiya, kuma direba yana ɗaukar alhakin ɓarnar da sakacinsa ya jawo. Aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta ɗora wa mai kisan kuskure diyya da kaffara, wadda a zamaninmu ta zama azumin wata biyu a jere. Ya kuma tabbata cewa a Hajjin bankwana, lokacin saukowa daga Arfa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya riƙa jan akalar taguwarsa yana umartar jama'a da natsuwa, sai in ya sami sarari yake ƙara sauri. Wannan shi ne ma'aunin: gudu gwargwadon hanya da jama'ar da ke kanta.

Wani zai ce ajali ne, in ya zo ba makawa. Gaskiya ne, amma wanda ya ƙaddara ajali shi ne Ya umarce mu da riƙon sababi, kuma ƙaddara ba ta zama hujja ga mai ganganci.

Saboda haka muna kira ga kanmu da farko. Mu fasinjoji mu daina zuga direba, mu daina yabon wanda ya "ci hanya", mu buɗe baki cikin ladabi idan muka ga ana wasa da rayukanmu. Masu motocin haya su daina ƙayyade wa direba lokacin da ba ya yiwuwa sai da ganganci. Iyaye mata su tambayi 'ya'yansu masu babur ina hularsu kafin su fita. Mai zuwa ɗaurin aure ko jana'iza ya tashi da wuri, kada ya nemi biyan bashin lattinsa a kan kwalta. Wanda kuma zai tuƙa mota a wata ƙasa ya karanta allo, ya bi ayarin da ya tarar.

Madugun da ya fita Kano da mutum ɗari ba a yaba masa don ya riga kowa isa Gwanja. Ana yaba masa ne ranar da ya dawo aka ƙirga ayari aka same shi cif. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya, Ya tsare mu da zama sanadin hawayen wani gida.