Kada ki jira sai ciki ya fito kafin ki je awo

Uwargida, idan na tambayi mace a ɗakin awo wata nawa ne cikinta, amsar da na fi ji ita ce shida ko bakwai. Ko daga Jega ta zo, ko Aliero, ko ƙauyukan Maiyama, dalilan ba sa wuce kunyar cikin fari, tsoron bakin mutane, ko kuma "ai lafiyata lau". Ban raina ko ɗaya ba, don ni ma cikin wannan tarbiyyar na tashi. Amma bari ki ji abin da ke gudana a mahaifarki a watannin da kike ɓoyo.

Kimanin kwana 22 da shigar ciki zuciyar ɗan tayi take fara bugawa, lokacin ke kina lissafin ko al'ada ce ta yi jinkiri. Zuwa kwana 28, bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da laka ya gama rufewa. Idan bai rufe daidai ba, a nan ne ake haihuwar jariri da ƙullutu a gadon baya, wani ma ƙafafunsa ba sa motsi. Ƙwayar folik asid tana rage wannan haɗari sosai, amma sai an fara shan ta da wuri, mafi kyau tun kafin cikin ya shiga. Zuwa mako 8 hannuwa, ƙafafu da manyan gaɓoɓi duk sun fito, alhali tsawonsa bai wuce santimita 3 ba. Motsin da kike jira kuwa, a cikin fari sai wajen mako 18 zuwa 20 za ki ji shi.

Kin ga ke nan, maganin da kika saya a kemis ba da sanin likita ba, ko jiƙon da aka haɗa miki don laulayi, yana iya isa gare shi daidai lokacin da ake ƙera shi. Manomin albasa a Aliero ba ya jiran ta yi kai kafin ya kula da ita, tun tana iri yake tattalinta.

Ga kuma sauro, wanda ba baƙo ba ne a ƙasar fadama da shinkafa irin tamu. Ƙwayar maleriya takan ɓuya a mabiyiya ko da jikinki bai yi zafi ba, ta rage miki jini, jariri ya zo ƙarami. Maganin kariya da ake kira Fansida ana fara ba da shi daga mako 13, sannan a maimaita duk wata. Wadda ta zo a wata bakwai ta yi asarar zagaye da yawa.

Shi ya sa tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8, na farko cikin makonni 12 na farko. A ranar za a auna jininki da fitsarinki, a duba hawan jini, a ba ki maganin ƙarin jini.

'Yar uwa, ban ce ki yi shela ba. Ki ci gaba da ɓoye wa maƙwabta in kina so, amma ban da ma'aikaciyar jinya, don riƙe sirrinki yana cikin aikinmu. Da kin ga wata ya wuce babu al'ada, ki sanar da maigida, ki nemi yayarki ta raka ki asibiti mafi kusa. Allah ya raba lafiya.