Kawu, a Wane Shafi Ne?

Shafi arba'in da 'yan kai na karanta a cikin littafin da ya kusa shafi 500, na rufe shi, na zauna na rubuta masa sharhi mai zafi kamar wanda ya haddace shi. Wannan shi ne laifina, kuma gara in faɗe shi tun da wuri, domin na san halina: in aka bar ni da kawo uzuri sai magariba ta yi ban iso ga laifin ba.

A lokacin ina da ɗan fili a wata mujalla inda nake sharhin littattafai duk wata. A 2012 ne, shekarar da fim na ƙarshe a jerin Twilight ya fito. 'Yan mata masu son karatun Turanci suna ta yawo da littattafan daga hannu zuwa hannu a makarantun kwana, har bangonsu ya yi laushi kamar tsohuwar naira goma. Edita ya kira ni ya ce iyaye suna ta tambaya, ya kamata mu ce wani abu. Na tafi wajen masu littattafan gwanjo a Sabon Gari na sayo na farkon. Baƙin bango ne, da hannaye biyu farare fat riƙe da jan tuffa. Tun ina cikin a-daidaita-sahu ban kai gida ba na gama yanke hukunci. Yarinya 'yar shekara 17, saurayi mashayin jini, ga tuffa a hannu. Me ya rage kuma?

Ga wanda bai san labarin ba, wata Ba'amurkiya ce, Stephenie Meyer, ta fitar da Twilight a 2005, sannan New Moon da Eclipse da Breaking Dawn suka biyo baya, ɗaya duk shekara har 2008. Yarinyar, Bella Swan, ta baro Phoenix mai zafin rana ta koma wurin mahaifinta, shugaban 'yan sandan Forks, wani ƙaramin gari a jihar Washington inda hadari ba ya barin sararin sama. A makaranta ta haɗu da Edward Cullen, wanda yake abin da Turawa ke kira bamfaya. Ba maye ba ne irin namu, mai kama kurwa yana zaune cikin iyalinsa yana tsufa kamar kowa. Ya fi kusa da labaran da muka ji muna yara na aljanin da ya ga budurwa ya ce sai ita. An haife shi a 1901, annobar murar 1918 ta kai shi bakin kabari a Chicago, wani likita mai suna Carlisle ya mayar da shi irinsa, tun daga ranar shekarunsa suka tsaya cak a 17.

Duk wannan yanzu ne na san shi. A ranar da na yi rubutun, jarina bai wuce shafukan nan arba'in ba, da bayanin bayan bango, da guntun fim da na leƙa a wayar wani abokin aiki, da kuma labarin cewa Stephen King, gwanin littattafan ban tsoro, ya taɓa cewa a wata hira a 2009 matar ba ta iya rubutu ba. Na ɗauki rainin babban marubuci na yafa kamar rigar aro. Na rubuta cewa littafin batsa ne tsagwaronta, saurayi da budurwa suna saduwa ba aure. Na ce yaron yana shan jininta tana jin daɗi. Don in cika shafi kuma na jawo The Hunger Games na Suzanne Collins, wanda ko buɗe shi ban taɓa yi ba, na ce duk kanwar ja ce: yarinya ɗaya, samari biyu, a yi ta ja-in-ja. Edita ya yaba. Wasu iyaye suka yi ta sa mini albarka.

Sai 'yar ƙanwata ta zo mana hutu. Tana aji biyar na sakandare, yarinya mai shiru, irin waɗanda sai ka manta suna gidan. Wata rana bayan la'asar ina kan tabarma a tsakar gida, ta kawo mini kunun aya, ta durƙusa daga gefe. Mujallar tana naɗe a hannunta.

"Kawu, na karanta abin da kuka rubuta."

"To madalla, 'yata. Kin ga dai abin da muke gaya muku."

"Na gani." Ta ɗan yi jim tana wasa da bakin mayafinta. "Sai dai akwai wurin da na nema ban samu ba. Inda kuka ce sun yi abin da bai kamata ba. A wane shafi ne? Na ce ko nawa ne aka yage masa."

Har yau ina jinjina wa wannan tarbiyya. Ta kama ni dumu-dumu, amma sai ta buɗe mini ƙofar fita, wai ko nata ne aka yage. Na jawo littafina da niyyar in yi 'yan juye-juye in ce zan nemo mata daga baya. Ina ɗagawa sai katin wayar da na sa alama da shi ya leƙo daga shafi na 43. Ta gan shi, na ga ta gan shi. Ba ta ce uffan ba, ta ɗauki faranti ta tashi. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Mako uku na yi ina karanta littattafan huɗu, nata ne ma ta ara mini. Abin da na tarar ya kusa zama kishiyar abin da na rubuta. Dangin Cullen ba sa shan jinin mutane, dabbobin daji suke farauta, kuma rabin labarin a kan yadda Edward ke danne ƙishirwarsa yake. Sau ɗaya a littafin farko ya sa baki a jininta, shi ma don ya zuƙe dafin da wani mugu ya sa mata ne. Batun saduwa kuwa, shi ne ya kafe cewa sai an ɗaura aure, kuma ba a ɗaura ba sai a littafi na huɗu. Marubuciyar mabiyar ɗariƙar Mormon ce, masu tsanani a kan wannan batu, kuma hakan ya fito fili a rubutunta. Akwai sumba, akwai keɓewar da babu uban da zai yarda da ita a gidansa a nan, wannan gaskiya ne. Amma ba shi na rubuta ba. Abin da na rubuta ƙarya ce.

Da nan abin ya tsaya da sauƙi, in ce na zalunci littafi mai kyau, in nemi afuwa, a wuce wurin. To littafin ba wani mai kyau ba ne. Rubutun yana da maimaici mai gajiyarwa, a yabi kyawun fuskar Edward a wannan shafi, a sake yabonta a na gaba. Kuma akwai aibi na gaske a cikinsa, wanda ya fi wanda na ƙirƙiro hatsari nesa ba kusa ba, sai dai yana can bayan shafi na 43 inda ban kai ba.

Edward yana shiga ɗakin Bella ta taga da dare, ba da saninta ba, ya zauna yana kallonta tana barci. Da ta gane, damuwarta ita ce kada ya ji sambatun da take yi a cikin barci. Yana bin sawunta in ta fita gari. A Eclipse ya kwance wa motarta wani ƙarfe don kada ta je wurin abokinta Jacob, yana cewa tsaron lafiyarta yake. A New Moon, da ya tafi ya bar ta, akwai shafuka huɗu a jere da ba a rubuta komai a kansu ba sai sunan wata: Oktoba, Nuwamba, Disamba, Janairu. A fagen fasaha wannan ne wuri mafi kyau a duk jerin, na yarda. Amma abin da yake gaya wa yarinya shi ne in saurayi ya tafi rayuwa ta zama farar takarda. Daga baya ma har tsalle ta yi daga kan dutse ta faɗa teku don kawai ta ji muryarsa a kanta. Ga shi ya haura shekara ɗari, ita tana 17. Duk wannan an naɗe shi a takardar so, an ce kulawa ce. Akwai kuma batun mutanen Jacob, 'yan ƙabilar Quileute, waɗanda mutane ne na haƙiƙa mazauna La Push, aka ɗauki sunansu aka ce samarinsu suna rikiɗa su zama kyarketai. Sharhi na gaskiya da ya taɓo wannan ma.

Na kira ta na zaunar da ita, na shiga zayyano mata waɗannan, ina jin yanzu kam na zo da hujja. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Kawu, wannan kun karanta ne, ko an gaya muku?"

Ba da rashin kunya ta faɗa ba, so take ta sani. Nan na ga girman ɓarnar da na yi. Ina riƙe da gargaɗin da yarinya irinta take bukata, domin samari masu ƙwace waya su duba saƙonni, masu hana budurwa zuwa bikin ƙawarta su ce kishi ne na so, ba sai an je Forks za a same su ba. Amma na riga na kashe amincina a kan ƙarya, gaskiyar ta zo ta tarar ba abin da zan sayo mata kunne da shi. Sai da na buɗe littafin na nuna mata wurin motar da yatsa, muka karanta tare, kafin ta gyaɗa kai.

The Hunger Games kuwa kunyarsa ta fi. Katniss Everdeen, 'yar shekara 16, ba don wani saurayi ta shiga filin kisa ba. Sunan ƙanwarta Prim mai shekara 12 aka zaro a ƙuri'a, ta fito ta ce a ɗauke ta a madadinta. Ƙasar, Panem, tana karɓar yara biyu daga kowace gunduma cikin goma sha biyu duk shekara, su 24 su yi ta kashe juna ana nunawa a talabijin. Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tsarin ƙuri'ar: ɗan talaka yana iya karɓar ɗan hatsi da mai, a ƙara yawan sunansa a cikin kwanon. Sunan Katniss sau 20 yake ciki. Ubanta ya mutu a fashewar ramin kwal, uwar ta zauna ta zuba wa bango ido, yarinyar ta ɗauki baka ta shiga daji tana ciyar da gida. Hatta soyayyar da na yi wa ba'a, rabinta wasan kwaikwayo ne da take yi wa kyamara don masu kuɗi su tausaya su aiko da magani da abinci. Collins ta ce tunanin ya zo mata ne tana canza tasha tsakanin gasar talabijin da hotunan yaƙin Iraƙi. Littafi ne a kan yunwa da mulki. Da na tambayi 'yar ƙanwata me ta gani a ciki, cewa ta yi, "Yaya ce, Kawu. Duk wadda take babba a gidansu ta san ta."

Abin da ya fi ba ni haushin kaina shi ne na san wannan cuta tun kafin ta kama ni. Na sha faɗa da masu kallon littattafan soyayyarmu su taɓe baki su ce adabin kasuwar Kano, alhali ko ɗaya ba su kai ƙarshensa ba. Nakan ce musu su je su karanta Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, su ga matar da miji ya kora da 'ya'ya tara, sannan su dawo su ce mini shirme ne. Kuma ni ne yaron da ya taɓa kwana da fitilar ƙwai a kan Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, yana bin Kilba zuwa sararin samaniya, ba wanda ya isa ya gaya masa cewa ƙarya ce. Amma da aka kawo abin da 'yan mata ke so, aka ce na Turawa ne, sai na ga shafi arba'in ya ishe shi. Raini ne kawai. Da littafin wani farfesa ne ba zan kuskura ba.

Na rubuta gyara. Na faɗi inda na tsaya da karatu, na janye abin da na ƙaga, na kawo aibin gasken da lambar shafinsa. Edita bai so ba, ya ce wa zai tuna, amma ya buga, a ƙasan shafi da ƙananan haruffa. Tun daga lokacin duk zargin da zan yi wa littafi sai na rubuta lambar shafi a gefensa a cikin daftarina, in ba lamba in soke shi. In littafi ya gundure ni na ajiye, nakan gaya wa mai karatu a inda na ajiye.

Cikin iyayen da suka sa mini albarka akwai wani maƙwabcinmu, wanda ya gaya mini a ƙofar masallaci cewa saboda rubutuna ya kwashe littattafan 'yarsa gaba ɗaya. Na same shi har gida da sabuwar mujallar, na yi masa bayani, na ce aƙalla ya mayar mata da na Collins, sauran kuma su zauna su yi magana a kai. Ya duba gyaran sama-sama ya miƙo mini. Ya ce ai na farkon ya fi kama hankali, kuma littattafan ma tuni ya ba mai ƙosai.

Da hutu ya ƙare, 'yar ƙanwata ta zo yi mini sallama, ta ajiye wani littafi a gefen tabarmata: The Shadow Speaker na Nnedi Okorafor, labarin wata yarinya a Nijar ta shekarar 2070. Na ce mata zan duba in na samu sarari.

"To Kawu," ta ce, tana gyara jakarta. "In na dawo hutun gaba zan tambaye ku yadda ya ƙare."