Triptyque: ashe daga allo ta fito

Duk mai sauraren jawaban manya da Faransanci ya san kalmar triptyque. Da an jera abu uku sai ta faɗo. Har taken ƙasarmu, Zumunci, Aiki, Ci gaba, da ita ake kiransa. Mu malaman lakwal mun haɗiye ta ba tauna, muna ɗura wa yara. Tambayi ɗalibi a Tanut ko Belbeji ma'anarta, zai ce "abu uku", ya tsaya nan.

Rabin amsa ke nan. Daga Girkanci ta zo: tri uku ne, ragowar kuwa ninki take nufi. Wato abu mai ninki uku. Tana da ƴar'uwa, diptyque, mai ninki biyu, wadda asalinta allon rubutu ne. Romawa kan haɗa alluna biyu kamar ƙyauren taga, su shafe cikinsu da kakin zuma, su yi rubutu da tsinken ƙarfe, su rufe. In buƙata ta ƙare a goge, yadda almajiri ke wanke nasa. Manyan jami'ansu har na hauren giwa suke sa a sassaƙa, su raba kyauta in sun kama aiki.

Daga baya masu zanen majami'un Turai suka ari siffar: babban allo a tsakiya, ƙanana biyu a gefe, in an naɗe su rufe shi. In allunan sun yi yawa sai a ce polyptyque, irin na birnin Gent a Beljiyam da aka kammala a 1432. An sace ɗaya daga allunansa a 1934, har yau ba labari.

Abin da masu jawabi ke mantawa shi ne mahaɗin, da kuma cewa akwai na tsakiya. Tumaki uku a turke ba triptyque ba ne.

Shi ya sa a aji nake ninka kwali uku, in ce su zana Damargu, amma su fara shawarta abin da zai zauna tsakiya. Nan gardama ke tashi. Ƴaƴan manoma su ce gero, ƴaƴan makiyaya su ce raƙumi, irin musun da iyayensu ke yi kowace kaka in dabbobi sun gangaro kudu ba a gama girbi ba. Bara wata yarinya ta raba gardamar ba ta ce uffan ba: gero a dama, garke a hagu, rijiya a tsakiya.