Addu'ar dare a gidan wani manomi

A wani ƙauye kusa da Dogon Dutsi akwai wani manomi ɗan Katolika. Galibin maƙwabtansa Musulmi ne, zamansu kuma lafiya lau. In ladan ya kira isha, su yi masallaci. Shi kuwa ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya kira matarsa da ɗiyansa da tsohuwarsa, a kunna fitila.

Da farko ya ɗauko takardar kwanan wata da ya samo a coci. Kowace rana ta shekara da sunan waliyyinta. A dā sai ya jira Lahadi malamin coci ya karanta mishi. Da ya shiga makarantar yaƙi da jahilci, sai ga shi yana bin baƙaƙen da yatsa, yana fid da sunan da kansa.

In an ji sunan, sai a ja casbi, wanda suke kira rozari. Kashi 5 ne, kowane kashi ƙwaya 10. Uba ya fara, iyali su amsa. Ƙaramar ɗiyar takan yi barci tun ba a kai kashi na uku ba, a bar ta.

Wata rana maƙwabcinsa ya ce mishi: "Malam, waliyyan nan kuke bauta ma?" Ya ce a'a, Allah kaɗai ake bauta ma. Waliyyi mutum ne da ya bi Allah har ya mutu. Roƙonsa suke ya taya su roƙo, kamar yadda ake ce ma dattijo ya sa mutum a addu'a.

Ranar 15 ga Mayu ta Isidor ce, ɗan ƙodagon gona a ƙasar Sifen. Lokacin kowa ya gama sharar gona, ido na gabas, sai su roƙi ruwa. Ranar 3 ga Yuni ta Sharl Luwanga ce da 'yan uwansa, samarin Uganda da aka ƙone a 1886 don sun ƙi barin addininsu. Ranar 1 ga Disamba ta Sharl da Fuko ce, Bafaranshen da ya zauna cikin Buzaye a Tamanrasat, aka kashe shi a 1916.

Amma uwar gida tana da tata. Babban ɗansu ya tafi bida Libiya ta hanyar Agadas, wata 7 ba labari. Ita ta riƙe Bakita, ɗiyar Darfur a Sudan, wadda aka sace tana yarinya aka saida ta baiwa. Daga baya ta samu 'yanci a Italiya, ta rasu a 1947, aka sa ta cikin waliyyai a 2000. Ranarta 8 ga Fabrairu ce, amma uwar kullum sai ta ambace ta. Takan ce: "Wadda ta ƙetare hamada a ɗaure ta san abin da ɗana ke ciki."

Mai gida akwai daren da gajiyar noma ke sa shi son ya kwanta haka nan. In ya ga gurbin ɗansa a bakin tabarma, sai ya tashi ya ɗauko casbin.

In sun gama, a hure fitila don kananzir ya yi tsada. Da safe maƙwabcin ya leƙo ta darni: "An ji labarin yaro?" Ya ce tukuna. Maƙwabcin ya ce: "Allah ya maido shi lafiya." Ya ce amin, suka ɗauki hauya, suka kama hanyar gona.